Ƙwayar da Ake Sha a Tsaye

Mai Guga ba ta iya zama ba. Ba ƙi ta yi ba, lokacin koyo ne ba ta samu ba. Tun tana da jini a jika take aiki a shagon wanki da guga da ke bayan tashar mota, a ɗakin ciki, inda tururi ke sa bango zufa har fenti ya riƙa ɓarewa. Teburinta ne na bakin ƙofa. Zannuwan gadon masauki, labule, rigunan ma'aikata, duk ta ƙarƙashin hannunta suke wucewa. Masu shagon sun canza, injinan wanki sun canza, dutsen gugan ma ya tashi daga na gawayi ya koma mai igiya, ita tana nan a tsaye inda aka san ta. 'Ya'yanta sun girma sun watse tana tsaye. Yayarta, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta raɗa mata Masifatu tun suna yara, kuma har yau ba a samu wanda ya ce an zalunce ta da sunan ba.

Wata safiya ta ɗauko kwandon jiƙaƙƙun zannuwa, santsi ya ɗan kwashe ta, ta kai hannu ta dafa bango. Dafawa kawai ta yi. Wuyan hannun ya karye kamar busasshen kara.

Auta, ɗanta na ƙarshe, bakanike ne. Ya baro gareji da baƙin mai a hannu ya kai ta asibiti. Aka yi mata ɗori, aka kwantar da ita ƙarƙashin wani inji aka ɗauki hoton ƙashinta. Likitan yaro ne, bai ma kai Auta ba. Ya dubi hoton, ya dube ta.

"Mama, yaushe al'ada ta ɗauke miki?"

"A gaban ɗana za ka yi min wannan tambayar? Kai ba ka da uwa ne?" Ta juya. "Auta, fita."

Da ya fita ta faɗa. Likita ya ce to daga nan abin ya samo asali. Idan al'ada ta ɗauke wa mace, ƙashinta yakan fara zaizayewa ta ciki a hankali, ba ciwo ba alama, sai ranar da ya karye. Nata ya zama kamar soso, in ji shi.

"Na wanka ko na wanke-wanke?"

Ya yi dariya, ya ce akwai ƙwayar da za ta tsayar da zaizayar, su sauka taga a ba su.

Tagar magani tana ƙasa, a ƙarshen wani dogon baranda. Gilashi ne mai kauri da 'yar ɓula a tsakiya, a bayansa wani siririn mutum mai farar riga, wanda daga baya ta sa wa suna Ɗan Taga. Auta ya ce, "Mama, zauna nan, bari in karɓo." Ya ajiye ta a benci, hannu a rataye a wuya. Daga inda take tana hango bakin Ɗan Taga yana motsi, Auta na gyaɗa kai, wayarsa na ta ruri a aljihu. Mutumin nan bai ɗaga ido ya nemi mai ƙashin ba. Haka suke yi. Idan tsohuwa ta zo da ɗa, ɗan ne mutum, ita kaya ce da aka jingine a benci.

A mota Auta ya miƙa mata kwalin.

"Ɗaya a mako. Da safe, kafin ki ci komai. Da ruwa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta zaɓi ranar farkon mako. Gari na wayewa sai ta jefa ƙwayar a baki ta bi ta da ruwa cike da babban kofinta na roba. Ba don an ce ta cika kofin ba, sai don duk wanda zai wuni gaban dutsen guga ya san ƙishirwa. Daga nan ta zura takalmi ta taka zuwa shago, ta tsaya a teburinta har rana ta raba. Ko lokacin da hannun yake ɗaure zuwa take yi tana ninke kaya da ɗayan. Idan kwalin ya ƙare Auta ya biya ya karɓo mata wani. Ƙwayar ba ta taɓa yi mata komai ba, ko ɗacin baki. Da shekara ta zagayo aka sake hoto, likita ya ce zaizayar ta tsaya, ƙashin har ya ɗan ciko. Mace ce da ba ta cika yarda da abu ba, amma ta yarda da 'yar farar ƙwayar nan.

Sai Yaya ta faɗi.

A banɗaki ta faɗi, a gidan 'yarta Malama, wadda ke koyarwa a makarantar sakandare. Ƙashin ƙugu ya karye. Aka yi aiki, aka sa ƙarfe, aka dawo da ita gida. Auta ne ya ɗauke ta cak ya hau da ita bene, domin Yaya ce ta goye shi lokacin da uwarsa ke tsaye a shago, kuma shi da Malama a kwano ɗaya suka tashi. Aka kwantar da ita a ɗakin da ke kallon titi. An ce ta riƙa ƙoƙarin zama. Yaya ta gwada sau ɗaya, ta ji abin da ta ji, ta ce duk wanda ya sake ɗaga ta ba ta yafe ba. Ta miƙe rigingine kamar katako.

Kullum kafin ta wuce shago Mai Guga sai ta biyo. Ta tsaya a kan farantin magungunan da ke gefen gado tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana girgizawa.

"Wanne ne na ƙashi?"

"Babu shi tukuna, Inna," in ji Malama, tana neman makullinta cikin jaka. "Likita ya ce sai ta fara zama."

"Sai ta tashi za a ba ta maganin da zai tashe ta? Wannan wane irin karatu ne?"

"Haka dai ya ce."

"Kin tambaye shi dalili?"

"Inna, na makara. Don Allah kada a ba ta komai sai abin da ke kan farantin nan."

Ƙofa ta rufe. Mai Guga ta dubi yayarta, wadda ta yi mata kitso tana yarinya, ta raka ta ɗakin haihuwa, ta rufe mata baki a wurare da yawa da bakin zai jawo mata duka. Ga ta nan ta koma 'yar mitsitsiya cikin bargo.

"Sun ga kin tsufa ne, suna tattalin maganinsu."

"Ke dai ba kya rabo da zargi," in ji Yaya.

Da ranar ƙwayar ta zagayo, Mai Guga ba ta haɗiye ba. Ta ƙulle ta a bakin hankici ta hau benen da sassafe. Malama na banɗaki, Yaya ba ta sa komai a ciki ba tukuna. Da safe, kafin a ci komai, da ruwa. Duk abin da aka faɗa mata ya cika.

"Buɗe baki."

"Mene ne?"

"Abin da ya hana ni ƙara karyewa."

"Ke fa?"

"Ni nawa ƙashin ya cika har yana neman yin yawa. Buɗe, kafin shugabar makaranta ta fito."

Yaya ta yi dariya, dariyar ta taɓa ƙugu, ta yamutsa fuska. Mai Guga ta tallafo kanta kaɗan, ta ɗora mata ƙwayar a harshe, ta ba ta ruwa a cokali, domin idan ya wuce haka a kwance sai ta ƙware. Ta mayar da kan bisa matashi, ta ja mata bargo, ta tafi aiki ranta fes.

Haka ta yi a makon da ya biyo, da wanda ya biyo bayansa. Ita ta daina sha, Yaya ke sha.

Sai Yaya ta fara cewa ƙirjinta na zafi. "Kamar kin manta dutsenki a kaina," in ji ta. Malama ta sayo maganin ƙwannafi. Daga nan burodi ya fara tsaya mata, sai ta yi ta kakari. Daga baya har shayi sai ta runtse ido kafin ya wuce. Mai Guga ba ta kawo komai a ranta ba. Ita da ta shekara tana sha ko gyatsa bai taɓa sa ta ba, ta ina za ta zargi ƙwayar? Cewa ta yi kwanciya ce ta yi wa Yaya yawa, ta ci gaba da ƙulla hankicinta.

Wata safiya ta iso ta tarar da motar Auta a ƙofar gidan, ƙofofi a buɗe. Yana saukowa da Yaya a hannu, Malama na biye da matashin da ya ɓaci da baƙin jini.

A asibiti aka yi ƙarin jini, aka zura wa Yaya wata siririyar roba mai ido ta baki aka leƙa ciki. Likitar da ta fito babbar mace ce mai furfura a goshi. Ta ce hanyar abincin ta yi gyambo, ta ƙone kamar an zuba mata wani abu mai ci. Ta tambayi abin da take sha. Malama ta lissafa mata duk abin da ke kan faranti. Likita ta girgiza kai, ta ce babu mai yin haka a cikinsu.

Ba wanda ya tilasta wa Mai Guga. Ita ba ta iya ɓoye abu a gaban tambaya ba. Ta zuge jakarta ta fito da kwalin.

"Har da wannan. Nawa ne, nake ba ta."

Likita ta karɓa ta duba. "A kwance kika ba ta?"

"A kwance take. A ina zan ba ta?"

Likita ta mayar mata da kwalin. Sannan ta ce wannan ƙwayar a tsaye ake shan ta ko a zaune, da ruwa cike da kofi, kuma ba a kwanciya sai an yi rabin awa. In aka sha a kwance takan maƙale a hanya ta yi ta cin wurin. Shi ya sa aka ce a jira sai ta fara zama.

"Ba wanda ya faɗa min," in ji Mai Guga.

"Ni na faɗa miki kada a ba ta komai." Muryar Malama ba ta tashi ba. Da ta tashi ma da ya fi sauƙi. "Inna, ki tafi gida."

"Yayata ce."

"Uwata ce."

Malama ta je ta yi magana da nas-nas ɗin ɗakin, ta nuna ta da hannu. Daga ranar ƙofar ɗakin da Yaya ke kwance ta zama iyakarta.

Mai Guga ba ta yi kuka ba. Shago ta wuce, ta guge zannuwa kamar tana dukan wani. Tana guga tana raba laifin gida-gida. An ce kada ta ba da komai, ta bayar, wannan nata ne, ba za ta yi musu ba. Amma kwanciyar fa? Da an ce mata ƙwayar nan ba ta shiri da kwanciya, ko da wuƙa a wuya ba za ta sa wa Yaya ita a baki ba. Akwai wanda aikinsa ke nan ya faɗa, kuma bai faɗa ba. Ta ƙudura cewa sai mutumin nan ya fito daga bayan gilashinsa, ya hau bene da ƙafarsa, ya tsaya gaban Malama ya ce, ban gaya mata ba. In ya faɗi haka ƙofa za ta buɗe. Ba ta neman komai bayan wannan.

Washegari ta bi layin taga kamar kowa. Da ta iso ta tura kwalin ta ɓular.

"Katinki, Mama."

"Ba karɓa na zo yi ba. Ka san wannan?"

Ɗan Taga ya juya kwalin. "Na san shi."

"Ya ake shan sa?"

Ya zayyano mata tiryan-tiryan kamar ɗalibi a gaban malami: da safe, ciki babu komai, ruwa cike da kofi, a tsaye ko a zaune, ban da kwanciya sai bayan rabin awa.

"Ashe ka iya. To me ya hana ka faɗa min?"

"Duk wanda na miƙa wa wannan sai na faɗa masa. Wa ya karɓar miki?"

"Ɗana."

"To shi na faɗa wa."

"Shi zai sha? Shi al'ada ta ɗauke wa?"

Layi ya kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba.

"A bencin can nake zaune, ga shi nan, bai gudu ba. Da wutsiyar ido za ka gan ni. Bakinka ne zai yage idan ka ce a taso da mai maganin?"

"Ai an rubuta a jikin kwalin."

"Ka ga na yi kama da wadda aka kai makaranta?"

Sai ta faɗa masa. Yaya, da ƙugu, da cokali, da matashin da ya ɓaci. Ta ce Yaya tana nan sama a ɗakin mata, ba ta iya haɗiye ko yawu, ita kuma an hana ta shiga. Ta ce ya taso su hau tare, magana ɗaya zai yi ya dawo. Ɗan Taga ya cire tabarau ya murza ido.

"Allah ya ba ta lafiya. Amma Mama, ba a ba wa wani maganin wani. Wannan ko an faɗa ko ba a faɗa ba."

"Wannan nawa ne, na ɗauka, yana kaina. Kai ma fito ka ɗauki naka."

Ya ce ba shi da ikon barin taga, ga layi. Ya ce akwai ofishin koke a ɗayan ginin. Ta ce ita ba ofis ne ya ƙi kallon ta ba. Mai gadi ya zo ya kama ta a gwiwar hannu.

"Sake ni. Ƙashina soso ne, in ya karye kai za ka ɗora."

Ya sake ta. Da ta juya za ta tafi, wanda ke bayanta a layi ya riga ya matsa gaban ɓular, wani saurayi da kati a hannu, Ɗan Taga ya sunkuyo yana yi masa bayani. Can a benci wata tsohuwa na zaune da sanda tsakanin ƙafafu tana kallon ƙasa. Mai Guga ta tsaya a kanta.

"Naki ne wancan?"

"Jikana ne."

"Tashi ki je ki ji da kunnenki."

Daga nan gareji ta nufa. Ta samu Auta a ƙarƙashin wata mota, ƙafafu kawai a waje. Ta shure tafin takalminsa. Ya zamo ya fito yana goge hannu da tsumma, kuma tun kafin ta yi magana ta ga ya kasa haɗa ido da ita.

"Mutumin tagar ya ce ya faɗa maka kada in kwanta."

"Ya faɗa."

"Ka manta?"

"Ban manta ba."

"To uban me ya hana ka gaya min?"

Auta ya daɗe yana murza tsumman. Ƙato ne, da furfura a gemu, amma a lokacin ya koma yaron da ke jiran ta a bakin ƙofar shago.

"Mama, ke yaushe kika taɓa kwanciya da safe? Tun da na buɗe ido a duniya a tsaye nake ganin ki. Na ga in na ce kada ki kwanta zagi zan sha. Sai na bar shi."

Ta buɗe baki, zagin bai zo ba. Gaskiya ya faɗa. Ashe shekara guda teburin guga ne ke tsare ta ba ta sani ba, tana ta yaba wa ƙwaya. Ta dubi ɗanta tana jin haushinsa har cikin haƙora, tana kuma jin wani abin da ya fi haushin ciwo.

"Wanke hannunka," ta ce. "Za ka maimaita a gaban Malama."

Sun same ta a baranda, ta fito da kwanon tofar da yawu a hannu. Auta ya faɗa mata duka, bai rage ba, bai kare kansa ba. Malama ta saurara har ya gama. Ta rame, ɗankwalinta a karkace.

"Na ji."

"Kin ji, to matsa min," in ji Mai Guga.

"Inna, shi bai gaya miki ba. Wancan bai dube ki ba. Ni ma kin tambaye ni dalili na ce na makara. Duk na yarda." Ta gyara riƙon kwanon. "Amma hannun da ya sa mata a baki naki ne, kuma in na rufe ido shi nake gani. Ba zan iya ba."

Ta juya ta shiga. Daga ciki ta kira Auta ya zo ya taya ta juya maras lafiyar. Ya tsaya yana kallon uwarsa.

"Shiga mana. Tsayuwar me kake yi? Tsayuwa tawa ce."

Ta zo da mai shaida, an ji shaidar, an ma yarda da ita, ƙofa kuma tana nan a rufe. Ba ta san wani wurin da za ta kai ƙara ba bayan nan. Sai ta yi abin da ta iya. Ta tsaya.

Ta aika wa mai shago cewa ya nemi wanda zai riƙe masa tebur. Kullum da safe ta zo ta tsaya a baranda daidai ƙofar, jaka a hammata, har a kori masu dubiya. Nas-nas suka kawo mata kujera, ta ce su ba mai buƙata. Idan aka turo keken zannuwa sai ta tare ta ɗaga ɗaya. "Wa ya goge muku wannan? Da ƙafa ya yi?" Ta yi faɗa da mai shara, ta yi faɗa da wani da ya zo dubiya yana waya da ƙarfi. Ba ta rage murya ba ko sau ɗaya. Ta san bangon ba shi da kauri.

Labari ta bakin Auta take ji. An zura wa Yaya roba ta hanci, ta nan ake ɗura mata abinci. Ƙirjin ya kamu, zazzaɓi na hawa yana sauka. Likita ta ja Malama gefe ta yi mata wata magana da Malama ba ta maimaita wa kowa ba. Bayan kowane ɗuri dole a zaunar da ita na ɗan lokaci kada abincin ya dawo ya shaƙe ta, amma hannun ɗaga gadon ya lalace, matasan kai kuma zamewa suke yi, sai ta sulale ta karkace ƙugun ya motsa. Idan Auta ya riƙe ta sai ta ce hannunsa ƙarfe ne. Idan Malama ce, ƙarfinta ya ƙare kafin lokaci ya cika.

Wata safiya ƙofar ta buɗe, Malama ta fito ba komai a hannunta. Idanunta sun kumbura.

"Tana kiran ki. Ta ce kin hana marasa lafiya barci." Ta tsaya a bakin ƙofar ba ta matsa ba tukuna. "Kofi, cokali, ba ruwanki da su."

"Na ji."

Ɗakin na warin magani. Gadon Yaya ne na ƙarshe, kusa da taga. Da ba don idanun ba da ba ta gane ta ba. Nas ta gama ɗurin ke nan, tana ta fama da matasan kai.

"Kwashe su," in ji Mai Guga.

Ta cire takalmi, ta ajiye jaka, ta hau gadon ta baya. Ta jingina da ƙarfen, ta buɗe ƙafafu, nas da Malama suka ɗago Yaya a hankali suka jingina ta a ƙirjinta. Haka suke zama suna yara idan za a yi kitso, sai dai a lokacin Yaya ce a baya. Ta zagaye ta da hannu biyu. Ba nauyi. Kwandon busassun zannuwa ya fi ta nauyi.

"Masifatu." Muryar kamar ana jan takarda a ƙasa.

"Na'am, Yaya."

"Shekara nawa kina guga?"

"Ban ƙirga ba."

"Kin taɓa ƙona rigar wani?"

"Ko sau ɗaya."

"Sai ni."

Yaya ta so yin dariya, tari ya ƙwace. Mai Guga ta riƙe ta har ya lafa. Duk kwanakin da ta yi a baranda tana shirya abin da za ta faɗa: Ɗan Taga, da benci, da Auta, da likitan da bai ba da dalili ba. Ta jera su tsaf kamar ninkakkun kaya. Yanzu ta nema ta rasa ko ɗaya.

"Ban sani ba, Yaya."

"Na san ba ki sani ba. Naki kika hana kanki kika ba ni, wawiya." Ta huta. "Kina sha?"

"Ban ƙara kallon sa ba."

"Ki sha. In kin karye wa zai riƙa yi wa mutane masifa?" Ta sake hutawa, wannan karon ya fi tsawo. "A tsaye. Ke ai ba sai an faɗa miki ba."

Mai Guga ta kifa goshinta a ƙeyar yayarta. Gashin ya yi laushi, ya cukurkuɗe, ba wanda ya samu sukunin taje shi. Ta sa yatsu tana warware shi kaɗan-kaɗan. Ta cikin bayan Yaya tana jin numfashin yana shiga da ƙyar, yana kurɗawa kamar ruwa a toshasshen famfo. Malama na tsaye a taga ta ba su baya.

Bayan Mai Guga ya fara ciwo. Ba ta saba da zama ba, balle da safe. A shago yanzu zannuwa sun taru a teburin bakin ƙofa, wani yana can yana ɓata su. A ƙasa layi ya miƙe a gaban tagar magani, tsofaffi suna benci.

Nas ta dawo ta dubi agogon hannunta.

"Lokaci ya yi, Mama. Za a iya kwantar da ita."

Yaya ta yi barci, kanta ya langaɓe a kafaɗar ƙanwarta, bakinta a ɗan buɗe. Mai Guga ta ƙara matse hannuwanta.

"A bar ta tukuna."

Nas ta dubi Malama. Malama ba ta juyo ba, ba ta kuma ce a sauke ta ba.